Shawara ga mai niyyar zuwa Ƙurɗuba

'Yan'uwa, duk wanda Allah ya kai Sifen, ya daure ya leƙa Ƙurɗuba. Daga Madrid, jirgin ƙasa mai gudu bai fi awa biyu ba. Ku yi sammako ku fara da babban masallacin da sarkin Andalus Abdurrahman na Ɗaya ya soma ginawa wajen 785. Tun 1236 ya koma coci, kuma ba a barin salla a ciki, don haka ku nemi ƙaramin masallacin da ke lambun Colón. Wurin ibadar Yahudawa na 1315 yana kusa da babban masallacin, a ƙafa ake zuwa.

Ku guji Yuli da Agusta, zafin yakan wuce digiri 40. Kafin ku sha salmorejo kuwa, wato miyar tumatir mai sanyi ta garin, ku ce kada a barbaɗa naman alade a kai.