Yadda za ka zana jijiyoyin bangon ƙirji ba tare da littafi ba

Ƙannena na shekarun farko a sashen likitanci na Jami'ar Abdou Moumouni, ku daina haddace wannan darasi da baki. Da alƙalami ake koyonsa. Ga yadda nake nuna wa waɗanda muke bita tare a unguwar Harobanda ta Yamai.

Fara da ƙashin baya a tsakiyar takarda, ka rubuta T1 har T12, wato gaɓoɓin ƙashin baya 12 na ƙirji daga sama zuwa ƙasa. Haƙarƙari 12 ne kowane gefe, tsakankaninsu 11, kowane da jijiyarsa mai kwashe jini.

Dama za ka fara, don ba ta da rigima. Ja dogon layi daga T12 ya hau har T4, ya lanƙwaso gaba ta bisa tushen huhun dama, ya faɗa bena-kaba ta sama, babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Azigos ke nan. Tsakani na 5 zuwa 11 kai tsaye suke zuba mata. Na 2 zuwa 4 sukan haɗu su zama jijiya ɗaya tukuna, su shiga wajen lanƙwasar. Na 1 ya yi gaban kansa zuwa brakiyosefalik, babbar jijiyar da ke kwaso jinin hannu da kai.

Hagu kuwa nan ake zubar da maki. Layi biyu gajeru: hemi-azigos a ƙasa tana karɓar na 9 zuwa 11, ƙaramarta a sama tana karɓar na 5 zuwa 8. Dukkansu sai sun tsallaka ƙashin baya wajen T8 da T9 su sami azigos. Na 1 zuwa 4 su wuce brakiyosefalik ta hagu. In littafinka ya sa tsallakawar a T7, kada ka tada jijiyar wuya. Jikin mutane ma ya bambanta a nan.

Duk wannan ta baya ne. Ta gaba, jinin na bin jijiyar da ke gefen ƙashin ƙirji daga ciki. Layi ɗaya kowane gefe ya isa.

Yanzu juya takardar ka zana haƙarƙari guda babba. A ƙarƙashin leɓensa na ƙasa akwai kwari, abu uku ke kwance ciki: jijiyar mayar da jini a sama, mai kawo jini a tsakiya, jijiyar ji a ƙasa. Ranar da aka miƙa maka allura a asibiti don zuƙo ruwa daga ƙirjin mara lafiya, lalubo haƙarƙarin ƙasa da yatsa, ka bi ta saman bakinsa. Bin ƙarƙashin na sama shi ke huda su.