Kurakuran da ake tafkawa wajen juye faifan garmaho a kwamfuta da kart son

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar da na tura wa 'yan gidanmu waƙoƙin da na juye daga faya-fayan kawuna, Allah ya jiƙansa, waɗanda suka shekara aru-aru a ƙasan akwatin ƙarfe a Birni, salulata ba ta huta ba, kowa sai ya ce shi ma ya gwada amma nasa ya fito kamar ana waƙa a cikin rijiya. Na je na duba na mutum uku ko huɗu, wallahi ɓarnar iri ɗaya ce, kuma ni ma duk sai da na tafka su kafin na gane kan abin. Ba rashin kuɗi ba ne, yawanci haɗin ne ba daidai ba.

Na farko da ke cin kowa shi ne ɗan ƙaramin kart son ɗin nan (na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta) mai kama da kile, mai rami biyu kore da ruwan hoda, da ake bazawa a tebur a kasuwar Dole, wanda kuɗinsa bai kai na kaza ba. Mutum ya saya yana murna ya yi araha. To ramin ruwan hodan na mikro ne, hanya ɗaya kawai yake ɗauka, faifai kuwa yawanci hanya biyu ne dama da hagu, ka ga tun kafin a je ko'ina rabi ya tafi. Abin da za ka nema shi ne wanda ke da ramukan shiga guda biyu ja da fari, irin na bayan tsohuwar bidiyo. Behringer UCA202 shi ne mai arahar da aka fi sani, sai ɗan uwansa UFO202, in za ka ba ɗan kasuwa mai zuwa Kano saƙo ko ka yi oda ta intanet ni na biyun zan ce ka ɗauka, ga dalili.

Abin da allura ke fitarwa ɗan mitsitsi ne, wajen milivolt 3 zuwa 5, alhali kart son yana jiran abin da ya kai ɗaruruwa. Kuma ba ƙarancin ƙarfi kaɗai ba ne. Lokacin da ake yanka faifai a kamfani da gangan ake rage bas sosai a ƙara siririn sauti, don layin kar ya yi faɗi waƙa ta samu wurin shiga, wannan ƙa'idar ita ce RIAA, tun 1954 aka tsaya a kanta, a can ƙarshe-ƙarshe ragin da ƙarin suna kai wajen desibel 20. Sai an bi da sautin ta wani ɗan akwati da ake kira preampli na phono ya ɗaga shi ya mayar da bas ɗin inda yake. In ka tsallake shi ka soka garmaho kai tsaye a UCA202, za ka ji waƙar can nesa, ganga ta zama kamar ana buga gwangwanin tumatir, kuma ko ka ƙure volim iska kawai za ka ƙara. Shi UFO202 preampli ɗin yana cikinsa, akwai ɗan makunni da aka rubuta PHONO da LINE, ka tura shi PHONO shikenan.

Amma kafin ka kashe ko dala, leƙa ɗakin tsoho tukuna. Tsofaffin ampli ɗin nan na shekarun 1970 da 1980, Pioneer, Sansui, Kenwood da ire-irensu, kusan duk suna da rami a baya da aka rubuta PHONO, wato preampli ɗin yana ciki kuma mai kyau ne. Ka sa garmaho a PHONO, ka jawo wata waya daga REC OUT ko TAPE OUT zuwa kart son, an gama. Kar ka ɗauko daga inda ake ɗaura bafil, nan ƙarfin zai iya ƙone maka kart ɗin.

Akwai kuma masu yin akasin haka, su bi ta preampli sau biyu. Sabbin garmaho irin su Audio-Technica AT-LP60 da nasu preampli suke zuwa, to in makunnin bayansa yana kan LINE kai kuma ka sake sokawa a PHONO, sauti zai fashe, bas ya cika ya yi ta kwarkwar. Sau ɗaya tak ake bi. Ko garmaho a LINE kart ma a LINE, ko garmaho a PHONO kart ma a PHONO.

Sai gurnanin nan huuuum da ke bin waƙa daga farko har ƙarshe. Wutar gida ce, tamu 220 ce mai bugu 50 a sakan, shi kake ji. Duba bayan garmaho akwai wata siririyar waya ita kaɗai mai baki kamar ƙaramin cokali mai yatsu, mutane sai su bar ta tana lilo don ba su san amfaninta ba, ita ce ta mas, ka ɗaure ta a ɗan kusar da aka rubuta GND a jikin ampli ko UFO202. In gurnanin bai tafi ba cire sharjer ɗin kwamfuta ka yi aikin da batir, ni nan nawa ya ɓuya, kwana biyu ina zargin allura ashe sharjer ne na kanti da ba na asali ba. Kuma ka nisanta salula da wayoyin.

Tunda ana maganar wuta, kar ka juye da ƙaramin grup in kana da zaɓi. Garmaho da yawa na da, motarsu da bugun wutar take auna gudu, grup kuwa yana hawa yana sauka, sai ka ji muryar mawaƙi tana tangaɗi. Haka wanda aka kawo daga Amurka cikin kayan gwanjo, can 110 zuwa 120 suke da bugu 60, ka soka shi kai tsaye ya ƙone, ka sa masa transfo ya tashi amma in irin waccan motar ce maimakon 33 da ɗigo a minti sai ya riƙa juya wajen 28, budurwa ta koma muryar dattijo. Karanta ɗan allon da ke bayansa kafin ka biya.

Yanzu ƙura, wadda mu Damagarawa ba sai an ba mu labarinta ba balle lokacin hunturu. Duk ƙas-ƙas ɗin da kake ji yawanci ita ce a cikin layi, kuma wanke faifai na minti biyar ya fi awa biyu kana goge ƙara a kwamfuta. Ruwan famfo ko na garuwa yana barin gishiri-gishiri in ya bushe, ka sayi ruwan batir wajen masu kayan mota, amma ka tabbatar tataccen ruwa ne zalla ba asid ba, ka ɗiga sabulun ruwa na wanke kwano ɗigo ɗaya, ka bi layin a zagaye da tsumma mai laushi, kar ka jiƙa takardar tsakiya, ka ɗauraye ka jingine a inuwa. A inuwa na ce. Wani abokina ya shanya guda biyu a rana cikin watan Afrilu, da ya dawo sun lanƙwashe kamar faifan kaba da aka zauna a kai. Ajiyarsu ma a tsaye ake yi ba a jibge ba.

Sannan don Allah a daina ɗora tsabar kuɗi a kan hannun allura don kar ta yi tsalle. Yawancin allurai nauyin giram 2 zuwa 3 suke so, ka ɗora mata dala ashirin kana noma faifan ne kawai. In tana tsalle ko faifan ne da datti, ko tebur bai daidaita ba, ko allurar ta cinye, wadda ta yi shekara arba'in a jiki dai canza ta za ka yi.

A kwamfuta Audacity, lojisiyel ɗin ɗaukar sauti da gyara shi, ya isa, kyauta ne. Tarkon da ke nan na Windows ne, sau da yawa yana ɗaukar kart ɗin a matsayin mikro ya sa shi hanya ɗaya, sai ka shiga saitin sauti wajen Enregistrement ka zaɓi 2 canaux, 16 bits, 44100 Hz, irin na CD kenan, cikin Audacity ma ka zaɓi stereo. Gwada wurin da waƙa ta fi ƙarfi ka sa ma'aunin ya tsaya wajen -6, kar ya taɓa 0, wanda ya yi ƙasa ana ɗaga shi daga baya, wanda ya fashe kuwa sai dai a sake. Ka saurara da ekuter ba bafil ba don girgizarsa na komawa cikin allura, yara ma su daina tsalle a ɗakin.

Masu son tsafta da yawa su kuma sai su danna rage ƙara har ƙarshe, shuuu ɗin ya tafi amma kalangu da murya su koma kamar a ƙarƙashin ruwa. Taɓa kaɗan, ka cire manyan ƙas ɗin kawai, sauran ka bar shi ai faifai ne. Kuma ka fara adana asalin a WAV ko FLAC, wato irin ajiyar da ba ta rage ingancin sauti, kafin ka taɓa komai, WAV yana cin wajen mega 10 a minti, kile mai giga 32 zai ɗauki manyan faya-fayai fiye da 70, daga shi ne za ka fitar da MP3 na salula. Ka ajiye kofi biyu a wuri daban-daban.

In ka ci karo da masu nauyin nan masu gudu 78, waɗanda ke fashewa kamar tangaran, su ba roba ba ne, kar alkol ya kusance su narkar da su yake, kuma allurarsu daban ce mai kauri. In garmahonka bai da 78 ka juye a 45, Audacity na da wurin canza gudu da zai mayar da shi daidai.

Ka ɗauki hoton bango da takardar tsakiya tun kafin ka wanke, ka raba waƙoƙin ka sa wa kowace suna a ranar. Ni akwai guda uku da takardarsu ta goge, sai da na kai wa inna na sa mata ekuter ta saurara ta faɗa mini masu waƙar biyu, na ukun har yau ita da ƙanwarta ba su daidaita ba.