Yadda ake gano adadi biyu da ba a sani ba daga mu'adala biyu

Iyaye da yawa a Makka da Jidda sukan rasa ta inda za su taimaki yaro idan ya dawo gida da aikin aljabra, musamman da yake littafinsa da Larabci yake, inda haruffan س da ص suke wakiltar adadin da ake nema. Amma wannan lissafi ba baƙo ba ne ga duk wanda ya san ciniki. Sunan fannin ma daga kalmar al-jabr ya samo asali, wadda masanin lissafi Al-Khawarizmi ya sa a sunan littafinsa a Bagadaza a ƙarni na 9.

A ɗauka wani alhaji ya sayi darduma 3 da carbi 2 na tsaraba a kan riyal 70, abokin tafiyarsa kuma ya sayi darduma 2 da carbi 4 a shago ɗaya a kan riyal 60. Idan muka kira kuɗin darduma d, na carbi kuma c, kowace sayayya za ta ba mu mu'adala, wato lissafin da ke nuna ɓangarori biyu daidai suke; mu'adala ta farko ita ce 3d + 2c = 70, ta biyu kuma 2d + 4c = 60.

Hanyar da na fi so a fara koya wa yaro ita ce wadda malamansu suke kira hazfu, wato kawar da harafi ɗaya. Sai a ninka ta farko sau 2 domin carbin ya zo daidai da na ta biyu, ta zama 6d + 4c = 140. A nan ne yara suka fi tuntuɓe, domin sukan ninka kayan su manta da kuɗin, alhali mu'adala tamkar sikeli ce, duk abin da aka yi wa ɓangare ɗaya dole ne a yi wa ɗayan. Idan aka ɗebe ta biyu daga wannan, carbi ya fita, saura 4d = 80, wato darduma riyal 20 ce. A mayar da 20 cikin ta farko, sai a samu 60 + 2c = 70, carbi ya kama riyal 5.

Kada a bar yaro ya rufe littafi sai ya gwada amsar a mu'adala ta biyu: 40 da 20 sun ba da 60.

Da a ce mutum na biyu darduma 6 da carbi 4 ya saya a kan riyal 140, da haruffan biyu sun ɓace tare, domin sayayyarsa ninkin ta farko ce kawai, ba za ta fitar da amsa guda ɗaya ba. Da kuma riyal 150 ya biya, da lissafin ya ƙare a 0 = 10, wanda yake nuna cewa ba farashi ɗaya aka sayar musu ba.