Shawara ga masu karɓar jikoki a hutun Kirsimeti

'Yan uwa, ku da gidanku zai cika da 'ya'ya da jikoki daga Yamai, Damagaram ko Katsina, don Allah a kula da wurin kwanan yara. Sanyin Disamba a Maradi da asuba yake shiga ƙashi, shi ya sa ake sa kaskon garwashi a ɗaki a rufe ƙofa. Kada a yi haka. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, yaro yana barci za ta illata shi, wani ma ba ya farkawa. A ji ɗumi a tsakar gida, a kashe wutar, sannan a shimfiɗa tabarma biyu a ƙara bargo. Jarirai kuma a shafa musu man kaɗanya bayan wanka, leɓe da dunduniya, saboda hunturu.

Kaji da zabi a saye su tun mako guda kafin 25 ga wata, daga baya tsada suke yi. Yankan kuwa a kira maƙwabci Musulmi ya yi, domin kwanon shinkafar da jikoki za su kai gidajen unguwa kowa ya ci hankali kwance.