Yadda ake gane kwanan wata da ido a Kano

In kana son sanin kwana nawa wata ya yi ba tare da ka duba waya ba, riƙe lokaci guda: da an kira sallar magariba, ɗaga kai. Inda ka gan shi a wannan lokacin, shi ne lissafinka.

Jinjirin wata a yamma yake tsayawa, kusa da inda rana ta faɗi, kuma ba ya jimawa yake bin ta. A cikin birni benaye da hayaƙin Adaidaita Sahu sukan tare shi, shi ya sa na fi son hawa Dala ko Goron Dutse. A nan Kano a kwance yake fitowa, baki sama kamar ƙwarya. Da hunturu hazo kan haɗiye shi ɗungurungum, da damina kuma hadari. Tauraruwa mai haske da wani lokaci ake gani kusa da shi, Zara ce.

Kullum yana ƙara nisa da rana da kamar digiri 12. Miƙe hannu sosai ka dunƙule, faɗin dunƙulen nan kusan digiri 10 ne. Ka auna daga mafaɗar rana zuwa wata: in ka sami dunƙule biyar, ka ce kwana huɗu, da wuya ka yi nisa da gaskiya. Daren bakwai ko takwas rabi ne, yana can tsakiyar sama da magariba, ya faɗi wajen sha biyun dare. Daren 14 ya cika, rana na faɗuwa yana ɓullowa daga gabas. Nan ne kwanakin farin wata, 13 da 14 da 15, da masu azumin nafila ke kiyayewa.

Daga nan sai ya shiga makara, kowane dare yana jinkirin kusan minti 50. Wajen 22 ga wata sai tsakar dare yake fitowa, a ƙarshe masu fita sallar asuba kaɗai ke ganinsa siriri a gabas, kafin ya ɓuya.

Zagayen gaba ɗaya kwana 29 ne da awa 12 da minti 44. Wannan rabin kwanan ne ya sa wani watan 29, wani 30, shekarar Hijira kuma take kwana 354 ko 355, azumi na matsowa da kamar kwana 11 duk shekara. Don haka yammacin ranar 29 ake fita duba. In ka gani, kada ka fara da WhatsApp, kai wa mai unguwa ko hakimi, su miƙa sama, don Sarkin Musulmi ne ke sanar da tsayuwar wata daga Sakkwato.

Musun da ake yi a majalisa kuwa, wai “wannan ai ɗan kwana biyu ne, dubi girmansa”, ba na shiga. In ba a gan shi ranar 29 ba aka cika talatin, ya ƙara awa 24 yana nisa da rana, dole ya fito da kauri kuma ya daɗe bai faɗi ba.