Yadda na hana farfelar injina fitowa daga ruwa

Jirgina mai tafiya da iska ne, amma akwai ƙaramin inji mai ƙarfin doki 6 a bayansa saboda lokacin da iska ta ɗauke ko shiga tashar jiragen ruwa. Matsalar ita ce, da igiyar ruwa ta ɗaga bayan jirgin, sai farfela ta fito fili, injin ya yi ta kuka babu gaba. Abin da ya fi damuna, ramin shan ruwan sanyaya inji ma yakan fito, robar famfon da ke jawo wannan ruwa kuma ba ta jure gudu a bushe.

Ƙafar injin, wato ɓangarensa da ke sauka cikin ruwa ɗauke da farfela, gajera ce, inci 15. Na canza injin da mai ƙafa inci 20, na sa masa maƙali mai hawa da sauka, na saukar da shi har farantin saman farfela ya nutse sosai. Na kuma canza robar famfon. Yanzu ruwan sanyaya ba ya yankewa ko teku na tashi.