Yadda za ki yi aiki da mai tsara miki talla daga nesa

Turaren wuta da humra nake haɗawa a gida, nan Katsina wajen Ƙofar Ƙaura, kuma galibin cinikina ta WhatsApp da Facebook yake shigowa. Yarinyar da ke tsara min hotunan talla da gajerun bidiyo ɗaliba ce a Zariya, duk hulɗarmu ta waya ce. 'Yan'uwa mata masu sana'a suna yawan tambayata yadda muke yi aikin ke tafiya lafiya, shi ya sa na ga gara in rubuta.

Kafin ki nemi kowa, ki zauna ki tantance abin da ke cinye miki lokaci. Zanen tambari ne? Hoton da za ki ɗora a sitatus kullum? Ko yanka bidiyo? Mai iya manhajar zane ta Canva daban, mai hannu a manhajar yanka bidiyo ta CapCut daban, ba lallai mutum ɗaya ya haɗa duka ba. In kin samu wadda kike so, ki ba ta ƙaramin aiki guda, ki biya ta, ki ga hannunta da yadda take cika alkawari. Neman gwaji kyauta tauye haƙƙi ne, ita ma data take saye.

Inda aka fi samun matsala shi ne wurin bayani. Yarinyar nan ba ta taɓa jin ƙamshin kayanki ba, ba ta san cewa masu sayen naki iyayen amare ne da ke neman abin da zai kama ɗaki ya kwana ba. Ke za ki sanar da ita. Ni saƙon murya nake yi mata, in faɗi sunan kayan, farashi, girman kwalba, wanda nake so ya saya, da ranar da nake buƙatar aikin, sannan in rubuta farashin da lambar waya daban don kada kunne ya yi kuskure. Kamar kai ɗinki wurin tela ne: in ba ki ba da awo ba, kada ki yi fushi da abin da ya fito. Hoto kuwa ki ɗauka da kanki da hantsi, kusa da taga, a kan farin yadi, ki goge gilashin kyamara tukuna. Ki tura shi a matsayin fayil, domin WhatsApp yana matse hoton da aka tura kai tsaye, ya fito dishi-dishi. Kuma ki hana ta ɗauko hoton kayan wani daga intanet ko canza launin naki. Wadda ta ga humra fara tas a hoto aka kai mata mai ruwan ƙasa ba za ta dawo ba, kuma tana da gaskiya.

Ki duba rubutun Hausar da kyau kafin ki ɗora. Yawancin salon rubutun da ke cikin manhajojin zane ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai harafin ya ɓace ko ya fito daban da sauran. Ku zaɓi salo ɗaya mai ɗauke da su, da launi biyu ko uku, ku tsaya a kansu har mutane su riƙa gane tallarki tun kafin su karanta suna.

Maganar da ta fi damuna ita ce mabuɗin shafi. Kada ki ba kowa kalmar sirrinki. Facebook ya tanadi hanyar ƙara mutum a shafin kasuwanci ya riƙa ɗora abubuwa ba tare da an miƙa masa cikakken iko ba, shi kuwa mai cikakken iko yana iya cire ki daga shafin da kika sha wahalar ginawa. Lambobi 6 ɗin nan da WhatsApp ke turowa ta saƙo don tabbatar da cewa ke ce mai layin, ko 'yar cikinki ce ta tambaya kada ki faɗa. Hirar kwastomomi ma amana ce, akwai adireshin gidajen mutane a ciki, don haka ni nake amsa su da kaina. Ki kuma nemi ta turo miki ainihin zanen da ake iya gyarawa, saboda ranar da jarrabawa ta riƙe ta ki iya canza farashi da kanki.

Ku tsara aiki da kalandar garinmu. Tallar Sallah tun farkon azumi ake shirya ta, ta bukukuwan aure da ke biyo baya kuma kafin a sauko idi. Masu kai kaya Daura su sa lokacin Sallar Gani a lissafi.

Batun kuɗi a gama shi a rubuce tun farko: jinga ce ko albashin wata, zane nawa, gyara sau nawa. Ni rabi nake turawa kafin alƙalami, sauran kuma ranar da aiki ya iso, ba na bari ya kwana. Duk sabuwar kwastoma ina tambayarta inda ta ga kayana, ƙarshen wata in tura wa yarinyar amsoshin, mu san irin tallar da za mu ƙara da wadda za mu bari.